Tsohuwar kwalbar talabijin mai kala da sabuwa: abin da ya raba su, da dalilin da ya sa ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya

Wani matashi mai koyon gyara a Agege ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, an kawo wa maigidana wata tsohuwar talabijin mai kala, mai akwatin katako, mai ita ya ce mahaifinsa ne ya saye ta a shekarun 1970. Hoton ya dushe, kuma kowane rubutu yana fitowa da inuwa ja da shuɗiya. Da muka buɗe baya sai muka ga wuyan kwalbar ya fi wanda muka saba gani kauri, ga wasu ƙarafa uku sun kewaye shi, ga kuma wani fanel daban cike da maɓallan murɗawa. Mene ne bambancinta da kwalaben yanzu? Za mu iya cire ta mu sa wata mai inci 21 da muke da ita a shago?"

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin abin da ya shigo shagonku ba kullum ake ganin irinsa a Legas ba. Bari in fara da ƙarshen tambayarka don kada ku yi ɓarna kafin ka gama karantawa: kada ku cire kwalbar nan, kuma kada kowa ya taɓa maɓallan wancan fanel tukuna. Ta inci 21 ɗin ba za ta yi aiki a wurin ba, zan kuwa nuna maka dalili.

Kafin komai, ka nemi gilashin ƙara girma, ka kunna talabijin ɗin, ka kai idonka kusa da fuskarta. In ka ga ɗigo-ɗigo masu zagaye, ja da kore da shuɗi, sun zauna uku-uku, to abin da nake zato ne: kwalbar da ake kira delta. In ka je ka duba ta inci 21 ɗinku, za ka ga gajerun sanduna a tsaye, jere kamar bulo. In kuwa akwai Sony a shagon, za ka ga layuka dogaye daga sama har ƙasa babu yankewa. Waɗannan su ne manyan zuri'o'i uku na kwalbar kala, kuma duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Matsalar da dukkansu suka zo warwarewa ɗaya ce. A wuyan kwalba akwai bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki. Ƙwayoyin nan ba su da launi. Launin yana cikin hodar da aka shafa a cikin gilashin gaba, wadda take haske idan an buge ta. Saboda haka dole harbin bindigar ja ya sauka a kan hodar ja kaɗai, na kore a kan kore, na shuɗi a kan shuɗi, a kowane lungu na fuskar, alhali harbin yana zagaye fuskar gaba ɗaya sau 50 a daƙiƙa guda. Dabarar da kamfanin RCA na Amurka ya fitar kasuwa a 1954, a talabijin ɗinsa CT-100 mai inci 15 da aka sa wa kuɗi dala 1,000, ita ce a sa wata rariyar ƙarfe siririya a bayan gilashin, tazararsu kamar santimita guda. Ramukanta sun kai dubu ɗari uku zuwa dubu ɗari huɗu a manyan kwalabe. Bindigogin kuma aka dasa su kamar duwatsun murhu, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kowace ta ɗan karkata zuwa tsakiya. Tun da kowace daga kusurwarta take leƙowa, in ta duba ta cikin rami ɗaya, ɗigon launinta kaɗai take hangowa, sauran biyun rariya ta tare mata. Sunan delta daga wannan zama na murhu ya fito, domin harafin Girkanci mai wannan suna kusurwa uku gare shi.

Dabara ce mai kyau, amma tana da tsada ta fuska biyu.

Ta farko, haske. Fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da bindigogin suka harba a jikin rariyar yake ƙarewa ya zama zafi. Ɗan abin da ya tsira shi ne hoton. Ga shi kuma hodar ja ta farkon zamani ba ta da ƙarfi, sai an matsa wa bindigarta lamba, an kuma rage wa sauran biyu don fari ya fito fari. Sai a 1964 kamfanin Sylvania ya kawo sabuwar hodar ja mai sinadarin yurofiyam, wadda ta ɗaga hasken sosai. A 1969 kuma Zenith ya fito da abin da ya kira Chromacolor, wato aka zagaye kowane ɗigo da baƙi. Da can, tsakanin ɗigo da ɗigo fari-fari ne, yana mayar da hasken ɗaki, shi ya sa tsohuwar talabijin take zama kamar an yayyafa mata toka da rana. Da aka cike gurbin da baƙi, sai baƙin hoto ya zama baƙi na gaske, kuma aka daina buƙatar gilashi mai duhu sosai a gaba. In ka kashe ta ku, ka kwatanta launin fuskarta da na ta inci 21, za ka ga tsohuwar ta fi haske-haske, kamar toka-toka mai ɗan kore. Saboda haka wani ɓangare na dushewar da kuke gani ba ciwo ba ne, haka aka haife ta.

Tsada ta biyu ita ce wadda ta kawo wancan fanel mai maɓallai, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimta da kyau. Harbi uku da suka taso daga wurare uku dabam-dabam za a iya sa su haɗu a tsakiyar fuska da ƙananan maganaɗisu. Amma da zarar yok, wato naɗin wayar tagulla da ke gindin wuyan kwalba mai karkatar da harbin, ya lanƙwasa su zuwa gefe, tafiyar ta ƙara tsawo, domin fuskar ba ta kai lanƙwasar da za ta sa nisan ya zama ɗaya ko'ina ba. Sai su haɗu tun kafin su iso, su wuce juna, su sauka a rarrabe. Tun da kuwa zaman murhu suka yi, rarrabuwar ba ta gefe ɗaya ba ce: wannan ya yi sama, wancan ya yi dama, na uku ya yi hagu, kuma yadda suka rabu a kusurwar sama dabam da yadda suka rabu a ta ƙasa. Ƙarafa ukun da ka gani kewaye da wuya, kowane yana zaune daidai kan bindiga ɗaya, naɗin waya ne da ake ba shi wuta mai sauyawa tare da tafiyar harbin, yana tura shi kaɗan-kaɗan don ya koma cikin 'yan'uwansa. Maɓallan fanel ɗin su ne suke tsara siffar wannan wuta. Sukan haura goma sha biyu, a manyan kwalabe da yok yake karkatar da harbinsu har digiri 110 ma sun fi haka nesa. A can baya kuma akwai wani ɗan maganaɗisu na musamman da yake matsar da shuɗi hagu ko dama, domin ƙarfensa sama da ƙasa kaɗai yake iya motsa shi.

Da nake yaron shago, saita wannan fanel shi ne jarrabawar da ake gane ko hannun yaro ya nuna. Za a bar talabijin ta yi zafi na minti ashirin ko fiye, a sa mata hoton layukan raga daga injin gwaji, a kafa madubi a gabanta domin kana baya kana murɗawa. Ka kashe shuɗi, ka haɗa ja da kore har su zama rawaya tun daga tsakiya, sa'annan sama da ƙasa, sa'annan hagu da dama, daga baya ka dawo da shuɗi ka ɗora shi a kai. Kowane maɓalli yana taɓa aikin maƙwabcinsa, saboda haka sai ka zagayo sau biyu ko uku. Ko gwani ya gama, kusurwoyi ba sa cika zama cif, kuma maigidan da ya koya mini yakan ce a bar ƙaramin kuskure a kusurwa, a tsare tsakiya inda fuskar mai karanta labarai take. Na taɓa ganin wani abokin koyona ya goge ƙurar irin wannan fanel da tsumma, ya juya maɓallai uku ko huɗu bai sani ba. Yini guda maigida ya yi kafin ya dawo da hoton. Shi ya sa na ce kada ku taɓa. In ma dole ne, ku ɗiga fenti a kan kowane maɓalli ku nuna inda yake kafin a motsa shi.

Ba mu sami irin waɗannan da yawa a ƙasar nan ba, kuma dalilin lokaci ne. Turai ta fara kala da tsarin watsa launi na PAL a 1967, mu kuwa sai tsakiyar shekarun 1970, inda gidan talabijin na Benuwai-Filato a Jos ya riga kowa. Lokacin da aka yi bikin FESTAC a nan Legas a farkon 1977, shekarar da aka kafa NTA, masu ƙera kwalba sun riga sun fara juya wa delta baya. Saboda haka yawancin talabijin masu kala da suka cika gidajen Surulere da Ebute Metta da Obalende sabuwar zuri'a ce. Wadda take gabanku tana cikin 'yan kaɗan da suka shigo a farkon buɗe ƙofa.

Wanda ya fara girgiza delta da gaske shi ne Sony. A watan Oktoba na 1968 suka fitar da Trinitron, samfurin KV-1310 mai inci 13. Sun jera mafitar harbin uku a sahu ɗaya a kwance, cikin bindiga guda mai babbar mahaɗa ɗaya da take tattara harbin ya yi tsini. Rariya kuma suka yar da ita, suka sa siraran ƙarafa a tsaye, an ɗaure su tam a jikin firam mai nauyi, kamar zaren da masaƙi ya miƙe. Tun da babu abin da ya gitta tsakani, harbin da yake wucewa ya fi yawa, hoton ya fi haske. Hodar ita ma aka shafa ta layi-layi daga sama har ƙasa. Shi ya sa fuskar tsohuwar Trinitron take lanƙwashe hagu da dama amma a miƙe daga sama zuwa ƙasa, kamar an yanko gefen ganga. Ƙarafan nan suna rawa in an bugi akwatin ko lasifika ta yi ƙara, don haka aka gitta musu wata waya siririya, ɗaya a ƙananan kwalabe, biyu a manya. In ka sa farin hoto za ka hango inuwarta. Sau da yawa an kawo mini Sony ana cewa layi ya fito a fuska, in ce wa mai ita ya mayar da kayarsa gida lafiyarta ƙalau. Sony sun riƙe wannan fasaha har haƙƙin mallakarta ya ƙare a 1996, Mitsubishi kuma ya yi irin tasa mai suna Diamondtron. A 2008 Sony ya daina ƙera ta.

Sauran kamfanoni ba su iya kwaikwayon Sony kai tsaye ba, sai suka ɗauki rabin dabarar. Jera bindigogi a sahu dama General Electric ya gwada shi a ƙaramar Porta-Color tun 1966. A farkon shekarun 1970 RCA ya kammala abin da nasa tsarin da aka fi sani da PIL, Philips na Holan kuma ya biyo da 20AX, daga baya 30AX. Suka riƙe rariya amma suka mayar da ramukanta dogaye a tsaye, hodar kuma layi-layi. Wannan ita ce kakar ta inci 21 ɗinku, da kusan duk wata mai inci 14 da 20 da 29 da ka taɓa gani an sauke daga kwantena a kasuwar Alaba.

Abin da jera bindigogi a sahu ya saya mana babba ne. Tun da duka ukun a kan layi ɗaya suke, rarrabuwarsu ta koma hagu da dama kawai. Kore yana tsakiya, shi ne ma'auni, ja da shuɗi suna gefensa. Sai injiniyoyi suka ga cewa in aka naɗa wayar yok da gangan ta yadda ƙarfin maganaɗisunsa ba ɗaya ba ne a ko'ina, yok ɗin da kansa zai riƙa mayar da ja da shuɗi kan kore duk inda harbin ya je. Aikin da maɓallai goma sha wani abu suke yi, aka saƙa shi cikin naɗin tagulla tun daga masana'anta. Fanel ɗin ya ɓace gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne 'yan zobban nan da ke wuya, biyu-biyu: na farko na tsabtar launi, na biyu yana ɗora ja a kan shuɗi, na uku yana ɗora su biyun a kan kore. A 30AX ma babu zobban a waje, an sa maganaɗisun a cikin wuyan an saita shi an rufe.

Amma ka lura da abin da wannan yake nufi ga mai gyara. A tsohuwa, daidaiton yana hannunka, kana iya gyara shi, kana kuma iya ɓata shi. A sabuwa, daidaiton yana cikin auren da aka ɗaura tsakanin kwalba da yok ɗinta. A mafi yawansu an zaunar da yok ɗin a masana'anta, an cusa masa robobi uku a ƙarƙashi, an manne, an ja fenti a kan zobban. Yaran da suke sayen kwalba tsirara a Alaba su ɗora mata yok ɗin wata, su ne suke dawowa suna cewa rubutu yana da inuwa a gefe kuma sun murɗa zobba har sun gaji. Zobba tsakiya kaɗai suke gyarawa. Gefe aikin yok ne, in ba nata ba ne ba zai taɓa zama ba. In za ka sayi kwalba, ka saye ta da yok ɗinta a jiki, kuma ka karanta lambar da ke kan takardarta. A51 ita ce inci 21, A34 inci 14, A68 inci 29, domin lambar santimitar hoton ce daga kusurwa zuwa kusurwa. Lambobi biyu da ke bayan harafin X na ƙarshe su ne suke nuna irin yok ɗin da aka aura mata.

Hoda layi-layi ta kawo wani sauƙi da ya shafe mu a nan. In harbi ya ɗan kauce sama ko ƙasa, yana kan launinsa har yanzu, babu abin da ya ɓaci. A delta kuwa, kaucewa ta kowace fuska tana kai shi kan ɗigon maƙwabci. Shi ya sa tsohuwa take da saurin fushi da maganaɗisun ƙasa: ka saita ta tana kallon gabas, mai ita ya kai ta gida ya juya ta kudu, wani gefe ya yi shunayya. Ko sabuwar ba ta tsira gaba ɗaya ba. A Turai maganaɗisun ƙasa yana nutsawa ƙasa sosai, a Legas kuwa kusan a kwance yake, kuma ɓangaren da yake nutsawa ƙasan nan shi ne mai tura harbi hagu ko dama. Saboda haka tokumbo, wato talabijin na hannu daga waje, da aka saita don Jamus takan iso nan da ɗan gurɓacewar launi, musamman manya. Wannan ne kaɗai lokacin da nake yarda a motsa zoben tsabtar launi, shi ma bayan an tabbatar wayar wanke maganaɗisu da ke kewaye da kwalbar tana aiki, domin ɗan abin da yake ba ta wuta lokacin kunnawa yana yawan ƙonewa da irin hawa da saukar wutarmu da ta janareta.

Daga nan sauran canje-canjen na gyaran jiki ne. Kwalaben farko zagayayyu ne, lanƙwasar yawancinsu digiri 70, akwatinsu kamar kabad. Aka koma masu kusurwa huɗu da digiri 90 a tsakiyar shekarun 1960, sai 110 don doron ya ragu. Wuya ya sirance daga milimita 36.5 irin na taku zuwa 29.1, har 22.5 a ƙanana, domin in yok ya matso kusa da harbin ba ya cin wuta da yawa. Fuska ta yi ta miƙewa har aka kai ga shimfiɗaɗɗiya sarai a ƙarshen shekarun 1990, irin su Wega ta Sony. Waɗannan sai da aka ƙara musu kaurin gilashi ƙwarai don su jure matsin iska, shi ya sa mai inci 29 sai mutum biyu. Rariya shimfiɗaɗɗiya kuma tana kumbura in farin hoto ya daɗe a wuri ɗaya, launi ya gurɓace a wurin, don haka a masu tsada aka koma yin ta da inba, wato ƙarfe mai kashi 36 cikin 100 na nikel wanda zafi ba ya buɗa shi sosai. Na ƙarshe su ne sirara da Samsung da LG suka fitar wajen 2005 don su yi gogayya da talabijin ɗin filasma marasa doro, masu lanƙwasar da ta haura digiri 120. Ni dai ban taɓa son su ba. An takura harbin fiye da kima, layuka ba sa miƙewa a gefe, kuma sashen da ke tura yok yana aiki cikin wahala da zafi.

Yanzu ga dalilin da ta inci 21 ba za ta shiga ba, ban da cewa ƙusoshinta ba za su dace da akwatin ba. Soket ɗin dabam ne. A delta kowace bindiga tana da nata maɓallin sikirin mai saita ƙarfin harbinta, uku ke nan, a taku ta shago kuwa ɗaya ne na tarayya. Yawancin tsofaffin suna aika haske ta wata ƙafa, launi ta wata, sababbi kuwa duka ta ƙafa ɗaya suke shiga kowace bindiga. Wutar fokas, mai sa harbi ya yi tsini, ta delta wajen bolt dubu 5 ce, sababbi da yawa suna neman dubu 7 ko fiye. Yok ɗin sabuwa bai dace da abin da babban fanel ɗin tsohuwar talabijin yake turawa ba, kuma fanel ɗin maɓallan nan a cikin hanyar wutar yok yake, in ka cire shi ka canza nauyin da ke kan sashen gaba ɗaya. Haka nan fanel ɗin Caina da ake sa wa kowace talabijin ba zai tuƙa delta ba, domin ba shi da inda zai ciyar da ƙarafan nan uku. In kun zubar da kwalbar da fanel kun sa sababbi, akwatin katako kaɗai ya rage na mahaifin mutumin, kuma ban tsammanin abin da ya kawo ku yi masa ke nan.

Ga abin da zan yi in ni ne. A auna ƙarfin bindigogin uku da injin gwajin kwalba. In sun yi kusa da juna, ko da sun ɗan raunana, a bar su su yi aiki na wasu awanni, domin kwalbar da ta shekara talatin a ajiye takan farfaɗo da kanta. Kada a yi saurin ba ta wutar farfaɗowa, kuma kada a ƙara mata wutar hita, mai ɗumama bindigogin, fiye da bolt 6.3, hoton zai yi kyau na 'yan makonni sa'annan ta mutu mutuwar da babu madadi. Inuwar ja da shuɗi kuma, kafin a zargi saiti, a duba kayan da ke kan fanel ɗin maɓallan: kafasito da suka bushe, maɓallan da zafi ya cinye, da dalma da ta tsage. Damshin Legas da gishirin iskar teku suna cin waɗannan, kamar yadda suke sa wuta tsartuwa a bakin robar da ke manne a doron kwalba. A goge wurin da kyau a busar.

Wurin nan yana ɗauke da bolt wajen dubu 25, kuma kwalbar tana riƙe wutar bayan an kashe. Kafin hannunka ya je kusa, ka ɗaure waya daga sukundireba zuwa wayar da ke kwance a bayan kwalbar, ka zura bakinsa ƙarƙashin robar da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu, ka jira, ka sake. Kada ka taɓa ɗaukar kwalba ta wuya. In kuma wata ta mutu a shagonku, ka gaya wa 'yan'uwanmu 'yan gwangwan da suke zuwa saye cewa su zare yok ɗin ta hanyar kwance ƙusarsa, ba sai sun fasa ba. Gilashin doron da na wuya cike yake da dalma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, hodar ciki kuma ba abin shaƙa ba ce, kuma na ga yara da yawa suna fasa su da guduma a bakin kwata babu ko ƙyalle a hanci.

Ka duba takardar da ke manne a doron kwalbar ka aiko mini da lambar. In ka ga irin su A56-120X ko A66-120X, delta ce mai digiri 90, in kuwa A66-140X ce, mai 110 ce, kuma tsarin saita su ba ɗaya ba ne. Ka gaya wa maigidanka ina gaishe shi, kuma in ya yarda, ranar da za a saita ta ka zo da madubi babba.